Yadda ake gina labarin bincike mai sanyi a ƙaramin gari na ƙasar Damagaram a zamanin yaƙin Hitila

Irin labarin da muke nufi shi ne wanda ake aikata laifi guda, galibi kisa, a ƙaramin gari inda kowa ya san asalin kowa, kuma wanda zai gano mai laifin mutumin gari ne, ba ma'aikacin hukuma ba. Ba a nuna jini, ba a tsayawa bayyana rauni, babu batsa, ba a cutar da yaro. Abu biyu ke kawo mai karatu: gwajin basira tsakaninsa da marubuci, da daɗin zama cikin jama'ar da zai so ya sake ziyarta. Salon ya yi ƙarfi a Ingila cikin shekarun 1920 da 1930, kuma har yau marubutan can suna son ajiye shi a ƙauyukan lokacin yaƙin duniya na biyu, domin yaƙi yana rufe hanya, ya kawo baƙin fuska, ya sa abinci da sutura su yi wuya, kowa ya samu abin da yake ɓoyewa. Ƙasar Damagaram ta wancan lokaci tana da duk wannan, kuma a ganinmu ta fi ƙauyen Turai dacewa da salon, saboda zumuncinmu ya fi nasu sarƙaƙiya.

Tsai da shekara tukuna

Faransa ta faɗa hannun Jamus a watan Yuni na 1940. Babban gwamnan da ke Dakar, Pierre Boisson, ya bi gwamnatin Vishi, wato gwamnatin Faransa da ta bi Jamus, Nijar kuwa tana ƙarƙashinsa. A ranar 26 ga Agusta na wannan shekara gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya koma ɓangaren Janar Digol, jagoran Faransawan da suka ci gaba da yaƙar Jamus. Kudu kuma ga Ingilishi a Kano, mai nisan kusan kilomita 240 daga Zinder. Ke nan Damagaram ta samu kanta tsakanin maƙwabta biyu da masu mulkinta suke ɗauka abokan gaba, alhali dangi, fatake da almajirai sun saba kai da kawowa tsakanin Zinder, Daura da Kano tun kafin zuwan Nasara. Haka aka zauna har Nuwamba 1942, lokacin da sojojin ƙawance suka sauka a arewacin Afirka, Dakar ta sauya ɓangare.

Wannan ya ba ka zaɓi biyu. In kana son labarin iyaka, fasa-ƙwauri da zargin leƙen asiri, ka zauna tsakanin damanar 1940 da kakar 1942. In kana son labarin karɓe gero da dabbobi domin yaƙi, ɗaukar soja da dawowar waɗanda suka tafi, ka ɗauki 1943 zuwa 1945. Kada ka haɗa su a littafi guda. Wanda ya san tarihi zai ajiye littafin.

Kurakuran zamani su ne suke fara kashe irin wannan labari, kuma kusan kullum iri ɗaya ne. Babu kuɗin sefa sai Disamba 1945, don haka mutanenka tamma da dala suke ƙirgawa. Gwamna ba ya Zinder: an mayar da babban birni Yamai tun 1926, wanda ke iko a nan shi ne kumandan, wato Baturen mulkin yanki, da tafintansa da gardawansa. Babu mai kunna rediyo ya ji labarin yaƙi da Hausa daga London, domin sashen Hausa na BBC sai 1957 ya fara, gidan rediyon Nijar kuma 1958. Labari yana zuwa ne ta wayar tangarahu a bariki, ta bakin fatake, ko ta jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a Janairu 1939, wadda samun kofi ɗaya nata a jakar mutum a 1941 ya isa ya jawo masa tambayoyi. Aikin tilas yana nan daram, sai Afrilu 1946 aka soke shi. Babu leda, babu bokitin roba, miya da daddawa ake yi.

Garin

Ka ƙirƙiri garinka, ka ajiye shi a tsakanin garuruwa na gaske. Dalili a fili yake: in ka ce mai garin Mirya ko wani basaraken Magarya ya yi kisa a 1941, jikokinsa suna raye, kuma ba su ci maka komai ba. Gari mai gidaje 150 zuwa 300 ya isa. Ka zana taswirarsa a takarda kafin ka rubuta layi ɗaya: masallaci, zauren mai gari, rijiya, marina, maƙera, zangon baƙi, rumbunan tsimi da hukuma ta tilasta a ajiye, kasuwa da ranar cinta, da hanyoyin fita guda biyu kawai, ɗaya zuwa Zinder, ɗaya zuwa iyaka. A gefen taswirar ka rubuta tazara da tafiyar ƙafa. Mutum mai lafiya yana cin kilomita 4 zuwa 5 a awa. Daga Zinder zuwa Mirya, kusan kilomita 18, tafiyar awa huɗu ce. Ayarin jakuna da kaya ba ya wuce kilomita 25 zuwa 30 a yini. Wanda ya ce ya kwana a Zinder kuma aka gan shi a garinka da asuba, taswirar ce za ta gaya maka ko ƙarya yake yi.

Mutane masu suna kada su wuce 12 zuwa 15, waɗanda ake zargi kuwa biyar. In suka kai bakwai mai karatu zai fara komawa baya yana neman wane ne wane.

Wa zai yi binciken

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa, domin mai binciken shi ne littafin. Yana bukatar abu huɗu: ƙafar shiga gidaje, dalilin sa baki, iyakar da ba zai iya ƙetarewa ba, da mataimaki.

Garin Hausa na wancan lokaci rabe yake biyu. Maza suna zaure, kasuwa da masallaci. Matan aure na gidajen malamai da attajirai suna cikin kulle. Namiji, komai wayonsa, rabin garin kawai zai gani. Shi ya sa tsohuwa ta fi kowa dacewa: dillaliya mai yawo da zannuwa da tasoshi gida-gida, ko ungozoma wadda ita ta yanke cibiyar rabin garin, ko mai wankan gawar mata. Tsohuwa tana shiga ɗakin amarya, tana tsayawa a bakin zaure ta yi magana da mai gida, kuma ba mai ɗaukar tambayarta da nauyi. In namiji kake so, wanzami ne mafi kusa, saboda aski, ƙaho, kaciya da tsagar jarirai suna kai shi ko'ina, kuma ya san tsagar kowane gida, abin da zai sa ya gane baƙon da ya yi ƙaryar asalinsa. Tafinta yana da jan hankali amma mutane ba sa sakin baki a gabansa, don haka ya fi amfani a cikin waɗanda ake zargi.

Mataimaki ya zama wanda yake da abin da tsohuwar ba ta da shi. Jikanta ɗan lakwal, wato makarantar Nasara, mai karanta boko da Faransanci, ko almajiri mai karanta ajami, ko jikanya mai tallar fura wadda ke jin hirar mahauta. Ka zaɓi jika musamman, domin wasan kaka da jika yana ba su damar faɗa wa juna abin da ɗa ba zai iya faɗa wa uwarsa ba, kuma daga nan ne raha za ta shigo labarin ba tare da ka tilasta ta ba.

Dalilin sa baki ya zama na jiki: an kama ɗan ƙawarta bisa kuskure, ko mamacin ya bar mata amana. Son sani kawai ba ya isa, zai mai da ita ƴar gulma, mai karatu ya daina girmama ta.

Iyakarta ita ce kunya da ladabi, kuma kada ka ɗauke su cikas, su ne kayan aikinka mafi daraja. Ba za ta tsare liman da tambaya ba. Ba za ta ce wa suruki "ina kake daren jiya" ba. Sai dai ta zaga: gaisuwa, ta'aziyya, cinikin zane, ta jefa magana ɗaya ta yi shiru. Haka nan kunyar wasu tana tona su. Mace ba ta kiran sunan mijinta, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ka ɗauka akwai wata mata a garin da ke kiran kowane saurayi da sunansa, amma in aka zo kan wani baƙon yaro da ke aiki a zango sai ta ce "yaron nan na wajen madugu". Ka bari ta yi haka sau uku cikin babi goma ba tare da ka ja hankali ba. Ranar da tsohuwa ta gane cewa yaron ɗan farinta ne da ta haifa a wani aure a ƙasar Daura, mai karatu Bahaushe zai dafe kai, domin amsar tana gabansa tun farko. Irin wannan alama ba ta samuwa a labarin wata ƙasa.

Matsalar gawa

A garin Musulmi wanda ya mutu da dare ana binne shi da hantsi. Babu likitan da zai duba, babu hoto. Tagar da kake da ita ita ce wankan gawa da tufafin da aka cire. Ka ajiye abu biyu ko uku a nan, kada su wuce haka: shunin da ya kama tafin hannun mutumin da ba ya sa baƙin rawani, ƙaya irin ta bakin tafki a ƙafar wandon wanda aka ce ya mutu a kan gadonsa, laya da aka tsinke igiyarta. In mamacin namiji ne, maza za su wanke shi, tsohuwarka sai dai ta samu labari daga tufafin da aka ba ta ta sayar ko ta rabar, ko daga bakin mai wankan. Kuma ka tuna mai wankan gawa an hore shi da rufe abin da ya gani. Jinkirinsa kafin ya yi magana, da nauyin da yake ji, babi ne guda mai kyau.

Gina daga ƙarshe

Kafin babi na ɗaya ka rubuta shafi guda da ba wanda zai gani sai kai: wa ya yi, me ya sa, da me, tsakanin wace salla da wace, wa ya gan shi bai sani ba, kuma wane kuskure ɗaya ya yi. Wannan shafi kamar zaren tsaye ne a masaƙa, in bai miƙe ba duk adon da ka saƙa a kai zai karkace. Marubutan da ke fara rubutu suna fatan mai laifin zai bayyana musu a hanya, su ne ke ƙarewa da ikirarin da ya faɗo daga sama a shafin ƙarshe.

Sannan ka yi jadawalin mutum biyar ɗin. Kowanne ya samu layi huɗu: abin da zai samu in mamacin ya mutu, damar da yake da ita, ƙaryar da zai yi, da sirrin da ƙaryar ke karewa. A nan yaƙi yake aiki. Ɗaya ya binne gero a rami don kada gardi su auna shi. Ɗaya yana shigo da bandir ɗin akoko, ashana da sukari daga Kano cikin dare. Wata ta ɓoye ɗanta a rugar Fulani don gudun ɗaukar soja. Wani yana kai wasiƙu ƙetaren iyaka, an ga kwabon Ingilishi mai huji a aljihunsa. Duk huɗun suna ƙarya a kan inda suke daren da abin ya faru, kuma ba ɗayansu da ya yi kisa.

Dalilin mai kisan kuwa dole ya fito daga cikin gida: gado, cin amana, bashi, aure, gadon sarauta. Wannan ita ce ƙa'idar da muka fi riƙewa. In a ƙarshe ka ce ɗan leƙen asirin Jamus ne, ka ha'inci mai karatu, domin ya shafe littafin yana nazarin zukatan maƙwabta ka ba shi baƙon da bai san shi ba. Yaƙi ya ba da duhu da dama, zuciyar ɗan gari ta ba da dalili.

In gado ne, ka yi lissafin da gaske, saboda masu karatunka sun san shi. Mutum ya rasu, iyayensa sun riga shi, ya bar mata ɗaya, ƴaƴa maza biyu da mace ɗaya, da dukiyar tamma 800 bayan biyan bashi. Matar tana da tumuni, tamma 100. Sauran 700 a raba biyar: kowane namiji 280, macen 140. In wani ɗa namiji da ba a sani ba ya bayyana, sai a raba bakwai: kowane namiji 200, macen 100. Kowane ɗa ya yi asarar tamma 80, ga dalilin toshe bakin wanda ya san sirrin. Kuma wanda ya kashe ba ya gadon wanda ya kashe, abin da zai sa mai laifi ya yi duk iyawarsa a ce mutuwar Allah da Annabi ce.

Shuka alamu

Alamun gaskiya bakwai ko takwas sun isa littafi guda, da sawun ɓata, wato alamun da ke kai zargi kan wanda bai yi ba, uku ko huɗu. Sharaɗin adalci shi ne duk abin da tsohuwa ta gani mai karatu ya gani a lokacin da ta gan shi. Abin da aka yarda ka ɓoye shi ne tunaninta kawai. Hanyoyin ɓoye alama a fili uku ne masu aiki: ka sa ta a tsakiyar jerin kaya, ka biyo ta nan take da hayaniya kamar isowar gardi ko faɗan kishiyoyi, ko ka bar wani mai yawan surutu ya yi mata fassarar banza wadda kowa zai karɓa.

Lokaci a garinka da salla ake auna shi, da wata. Wata yana jinkirta fitowa da kusan minti 50 kowane dare: daren sha huɗu yana fitowa da magariba, wajen ashirin da biyu sai tsakar dare, ashirin da biyar kuwa sai an kusa sahur. Azumin 1941 ya kama daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Oktoba, daidai lokacin kaka. Ka ce a babi na biyu, cikin hirar mata kan dakan salla, an ambaci cewa yau ashirin da biyar ga azumi, kuma a daren nan ne mamacin zai mutu. A babi na biyar, wurin zaman makoki, sai a ji wannan:

"Sannu da haƙuri, Malam. Ashe kai ka ga fitarsa?"

"Ni na gani, Iya. Muna saukowa daga asham, ga farin wata tar, har rawaninsa na gane. Shi kaɗai ya nufi hanyar tafki."

"Allah ya jiƙansa da rahama. Ke ƴar nan, kawo wa Malam tabarma, rana ta taso masa."

Iya ba ta nuna komai ba, kai ma kada ka nuna. Babu wata a sama bayan asham a wannan dare. Mai karatun da ya tashi a karkara zai iya kamawa, wanda bai kama ba zai yarda an yi masa adalci in aka bayyana.

Kowane sawun ɓata sai an rufe shi. In ka nuna kwabo mai huji a babi na shida, dole kafin ƙarshe a san yadda ya zo. Wanda aka bari a buɗe yana sa a yi zaton ka manta.

Wata hanya da wannan zamani kaɗai ke bayarwa ita ce bakin tafinta. Kumandan ba ya jin Hausa sosai, mai gari ba ya jin Faransanci, duk abin da ya wuce tsakaninsu ta bakin mutum ɗaya yake bi. Ka sa jikan nan ɗan lakwal a bayan taro, ya ji shaida ta ce abu ɗaya, tafinta ya juya shi wani abu.

Tsarin babi

Babi 24, kowanne kalma 2,000 ko kusa, zai ba ka littafin kalma 48,000. Al'adar makoki ta riga ta shirya maka jadawali. Babi na 1 zuwa na 3: garin, mamacin yana raye ana ganin yadda yake da kowa, mutuwa da jana'iza. Kada gawar ta wuce babi na uku. Na 4 zuwa na 9: kwana ukun zaman makoki, inda duk waɗanda ake zargi za su kawo kansu gaisuwa ba tare da an kira su ba. Wajen babi na 12 gardi su kama wanda bai ji ba bai gani ba, a ce za a wuce da shi Zinder ranar kaza. Wannan ke sa wa labarin wa'adi. Na 13 zuwa na 18: sirrin mutum huɗu ya warware ɗaya bayan ɗaya, har zuwa sadakar bakwai. Na 19 zuwa na 21: tsohuwa ta yi kuskure, ta zargi wanda bai kamata ba, ta shiga ɗan haɗari, ba mai yawa ba. Na 22 da 23: bayani. Na 24: sadakar arba'in, rabon gado, da yadda garin ya koma zama.

Abin da ke ɓata shi

Na farko aljanu da bokaye. Mutanenka su yi imani da su yadda mutanen lokacin suka yi, a ce iska ta buge shi a gindin tsamiya, a je wajen mai duba. Amma amsar ƙarshe hannun ɗan Adam ce, kuma da hankali za a gano ta, ba da mafarki ko bugun ƙasa ba. In mutum ya yi sambatu, bakinsa ya bushe, ƙwayar idonsa ta buɗe, gari ya ce aljanu, tsohuwa ta tuna da zaƙamin da ke bayan wani gida. Iyakar abin da za ka faɗa ke nan. Ba a bayanin yadda ake haɗa guba a irin wannan littafi.

Na biyu soyayya. Ta shigo, amma kada ta ci fiye da kashi ɗaya cikin biyar, kuma ta kasance tana da alaƙa da binciken. Da zarar babi biyu sun wuce a jere ana zance a dandali ba a ƙara sanin komai game da mutuwar ba, littafin ya sauya iri.

Na uku wanke mulkin mallaka don labarin ya yi daɗi. Sanyin labarin daga zumuncin mutane yake fitowa, ba daga ɓoye wahalarsu ba. Kumandan yana da ikon cin mutum tara ko ɗaure shi ba tare da shari'a ba, ana ɗibar maza aikin hanya, ana karɓar haraji ko damana ta yi kyau ko ba ta yi ba. Ka nuna wannan a gefe, da gaskiya: gidan da babu namiji lokacin girbi, matar da ke ƙirga damman gero tana rage na hukuma. Shi kumandan kada ya zama wawa, kada kuma ya zama mai ceto.

Ɗumin labarin yana cikin abinci da sana'a, kuma ƙarancin lokacin yaƙi yana sa su yi armashi. Fitilar man gyaɗa a madadin kananzir, ƙyastu a madadin ashana, masaƙa sun dawo da daraja saboda yadin kanti ya ɓace, kantun gishirin Bilma da dabino in ayari ya sauka a zango, tuwon gero da miyar kuka, furar da ake damawa ana hira. Ka sa abu ɗaya irin wannan a kowane babi, kuma ya yi aiki biyu: yana ciyar da mai karatu, yana kuma ɗauke da magana ko alama.

Hukunci

Wannan wuri yana bukatar tunani, domin shari'ar kisa a lokacin tana hannun kotun da kumandan ke shugabanta, kuma mai karatu ba zai ji daɗi ba in tsohuwar da yake ƙauna ta miƙa ɗan gari ga Nasara tana murna. Bayanin ya faru a zauren mai gari, gaban liman da dattawa, ita tana daga bayan asabari ko a bakin ƙofa, wataƙila ma ta bakin wanzami ko jikanta maganar za ta fito. Sirrin mutum huɗun nan, geron rami da yaron da ke ruga, su tsaya a zauren, kada su kai kunnen bariki. Mai laifin kuwa ya amsa ne don hujja ta tsare shi, ba don nadama ta sauko masa haka kawai ba. Ko ya miƙa kansa domin a saki wanda aka kama, ko dattawa su kai shi da hannunsu cikin baƙin ciki, ko ya tsere kudu ya bar gida da gado da suna. Ko wanne ka zaɓa, wanda aka zalunta ya dawo gida a gaban mai karatu.

Harshe da gwaji

Mutanenka su yi Hausar Damagaram ta da, mai gaisuwa doguwa da sakaya magana. Ka cire kalmomin rediyo da na ofis daga bakinsu. Wanda yake da shekara goma a 1941 yau ya haura casa'in, kuma irinsu kaɗan suka rage, don haka ka je wurinsu da wuri, ko wurin ƴaƴansu da suka ji daga bakinsu. Kada ka tambaye su tarihin yaƙi. Ka tambaye su me aka ci, me aka sa, nawa ake sayar da zane, wa ake tsoro, wace waƙa mata ke yi a bakin turmi. Rahotannin kumandoji suna gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Yamai ga mai iya zuwa.

In a WhatsApp ko Facebook za ka riƙa sakin labarin kashi-kashi, ka gama rubuta shi duka kafin ka saki babi na ɗaya. Alamar da ka riga ka saki ba ta gyaruwa, kuma kusan kullum sai ka kai babi na 22 za ka gane cewa akwai abin da ya kamata a shuka a na huɗu.

Da ka gama, ka ba mutum uku babi na 1 zuwa na 21 kawai, ɗaya daga cikinsu ya zama dattijo ko dattijuwa da ta san zaman karkara. Kowanne ya rubuta maka wanda yake zargi, da dalili, da babin da ya fara zarginsa. In duka ukun sun gano, alamunka sun yi tsirara: ka mayar da mafi ƙarfinsu cikin jerin kaya, ka ƙara wa ɗaya daga cikin huɗun nauyin zargi. In ba wanda ya gano kuma bayan sun karanta ƙarshen suka ce ba su ga ta inda aka bi ba, ka ƙara maimaita alama biyu sau ɗaya-ɗaya a tsakiyar littafin. Abin da kake nema shi ne mutum ɗaya ya gano wajen babi na 19 ko na 20, sauran biyun su iya nuna maka da yatsa shafukan da suka tsallake amsar.